Tulunan Yaya Habu

Tun da na dawo ban samu na tsoma zane a karofi cikin kwanciyar hankali ba. Da na sunkuya sai in ji mutum a kaina: "Alhaji Sani, wai da gaske ne a can har jakuna inabi suke ci?" Wani kuma ya ce, "To in ba gero ake nomawa ba, me mutanen ƙauyen suke yi tun safe har yamma?" Labarin Ka'aba da Arfa sun sha ji daga bakin waɗanda suka riga ni zuwa. Abin da ke cin su shi ne labarin ƙauyen inabi, da abin da na tarar yayana yana yi a can. Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na ce bari in ci moriyar ajin yaƙi da jahilcin da na shiga in rubuta. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, ni kuma a bar ni in yi rinina.

Saboda wanda ba ɗan Kura ba, sai na fara daga tushe. Yaya Habu shi ne ɗan farin Innarmu. Ya tafi Makka da ƙafa ina ƙarami, ban ma fara bin Baba marina ba, bai kuma dawo ba. Har Baba ya rasu bai zo ba. Mukan ji labarinsa jefi-jefi a bakin alhazai, cewa yana nan lafiya, ya yi aure, ya samu 'ya'ya. Inna ba ta taɓa tambaya ba, kun dai san kunyar ɗan fari. Ko sunansa ba ta faɗa, sai dai ta ce "wancan na gabas". Amma kullum in ta idar da sallar asuba ta jero sunayenmu a addu'a, takan rufe da "da wanda ke nesa".

Ana nan sai Alhaji Nomau mai tabarmi ya dawo daga hajji da labari. A zauren mai unguwa ya faɗa, gaban jama'a. Ya ce ya bi wata motar kayan lambu zuwa bayan duwatsun Makka, ya ga Habu da idonsa ya naɗe wando yana tattake inabi da ƙafa, ga tuluna a jere, ga wari irin na wasu gidaje da ba a ambato a Sabon Gari. "Giya yake yi," in ji shi, "a ƙasa mai tsarki." Ba wanda ya tambayi Alhaji Nomau inda ya san warin. Kafin la'asar maganar ta shigo gidanmu. Washegari Inna ta yi addu'arta, ta tsaya a kan sunan autarmu, ta shafa.

Da shekara ta zagayo na yi niyyar hajji, sai ta kira ni ɗaki.

"Ka je ka gano min da idonka," ta ce. "In gaskiya ne, na cire shi daga cikin 'ya'yana, ko a lahira kada ya neme ni. In ƙarya ce ka zo ka faɗa min. Kada ka rage, kada ka ƙara."

Kayan da na ɗauka ke nan, ban da garin gero da ƙuli-ƙuli da daddawa.

Mun tashi bayan ƙaramar salla, watanni kaɗan da samun mulkin kai. Jirgin sama na masu hali ne. Mu motar kaya muka hau daga Kano zuwa Maiduguri, muka tsallaka ƙasar Cadi, muka yi ta gabas a kan buhunan da ban san abin da ke cikinsu ba, sai dai na san suna da tauri. In mota ta kafe a rairayi kowa ya sauka ya tura. Akwai wani dattijo da duk lokacin da aka kafe sai ciwon bayansa ya tashi, ya zauna a sama yana ja mana salati. Ba mu yi masa magana ba, tunda salatin ma aiki ne.

A kan iyakar Sudan aka tare mu don duba lafiya. Aka yi layi, kowa ya miƙa hannu a ga shaidar allura. Da mai dubawa ya zo kaina ya ga tafin hannuna da faratana sun yi baƙi-baƙi, shuɗi-shuɗi, sai ya ja da baya, ya sa aka ware ni gefe tare da wasu masu ƙuraje. Ya ɗauko auduga ya jiƙa ta da magani ya goga min, audugar ta koma shuɗiya, tsoronsa ya ƙaru. Ni ba Larabci, shi ba Hausa. Motarmu kuwa har an fara ɗaure kaya. Allah ya taimake ni da wani Bazazzage mai shayi a bakin wurin, ya zo ya yi masa bayani cewa sana'ata ce ba ciwo ba. Mutumin bai yarda ba sai da na kwance ƙullina na fito da rawani ɗan Kura da na riƙo wa Yaya tsaraba. Ya murza shi da yatsa, yatsan ya yi shuɗi. Ya daɗe yana dariya kafin ya buga min hatimi.

Abincin Sudan bai ba ni wahala ba. Suna da wata waina mai faɗi, sirara kamar takarda, suna ci da miyar busasshiyar kuɓewa, in ka rufe ido sai ka ce a gida kake. Abin da ya tsaya min a rai shi ne Hausawan da muka riƙa tararwa a kowace tashar jirgin ƙasa, waɗanda guzuri ya ƙare musu suka tsaya noman auduga. Duk wanda ka tambaya sai ya ce maka yana kan hanya ne, ko da kuwa jikokinsa na wasa a gabansa. Zancen jirgin ruwa zuwa Jidda ba zan tsawaita shi ba, don abin da na gani a cikinsa bai wuce ƙasan bokiti ba.

Aikin hajji mun yi shi kamar yadda kowa yake yi, Allah ya karɓa. Ba zan ɓoye ba, a Arfa rabin hankalina yana kan addu'a, rabi yana kan masu tallar ruwa da masu shayi, don yawancinsu mutanenmu ne da suka zauna bayan hajjinsu. Ina ta leƙen fuskoki ko zan ga mai kama da Baba. A Muzdalifa ma haka na yi ta yi, har na rasa takalmana ban san inda na bar su ba. Wani mai tallar ruwa ne ya ce min, "Habu na Kura? Bakur mai inabi kake nufi. Ka je Misfala ka nemi Gwaggo Hassu."

Gwaggo Hassu tsohuwa ce 'yar Damagaram, tana sayar da tuwo da miyar kuka a unguwar da Hausawa suka fi yawa. Hausarta rabi Larabci ce. Da alhazan garinmu suka kama hanyar gida ni na rage, ita ta ba ni wurin shimfiɗa a saman soronta, inda kowa ke kwana saboda zafi. Zafin Makka a wannan lokaci, ƙarfen ƙofa ma ba ya taɓuwa da rana. Na tambaye ta zancen Yaya ba tare da kwana-kwana ba.

"Giya? A nan?" ta ce. "Ya waladi, ɗana, da tuni bayansa ya sha bulala. Amma fa ni ban taɓa hawa dutsen ba. Kowa da abin da yake yi in ya juya baya." Ta juya tuwo. "Ka dakata inabi ya nuna, sannan motoci za su yawaita. Shi ba ya saukowa, ma fi iƙama, ba shi da takardar zama."

Na dakata. Na riƙa daka mata yaji ina ɗebo mata ruwa, har ranar da ta haɗa ni da wani direba da ya sauke kankana zai koma wofi. Muka bi hanyar Ɗa'ifa, mota tana hawa tana nishi. A wani shinge aka duba fasfona, aka dubi hannuna, amma wannan karon ba a ce komai ba. Can da muka yi nisa sai na ji abin da na manta akwai shi a duniya, wato sanyi. Direban ya sauke ni a bakin wani kwari kudu da garin, ya nuna min gidajen dutse da ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Sunan ƙauyen ba zan rubuta shi ba, kun ji dalili a bakin Gwaggo Hassu.

Na tarar da shi a kan tsani yana yankan nonon inabi yana sawa a kwando. Ban bukaci a nuna min shi ba, ƙeyar Baba ce sak. Na yi sallama da Hausa. Ya sauko a hankali, ya tsaya yana kallona, ya kalli hannuna, sannan ya ce, "Wane ne a cikinku?" Na ce Sani. Ya matso ya kawo hancinsa zai taɓa nawa, gaisuwar mutanen wurin ke nan, ni kuwa na kauce na zaci wani abu zai cire min a ido. Muka yi dariya, dariyar ta taimake mu.

Hausarsa ta yi tsatsa, yana magana yana laluben kalma. Ya tambayi mai unguwa, ya tambayi limamin da ya daɗe da rasuwa, ya tambayi tsamiyar bakin marina ko tana nan. Sai da ya gama da kowa da komai, yana kallon kwandonsa, ya ce, "Tsohuwa fa?" Na ce tana nan da ƙarfinta. Bai tambaya ko ta gaishe shi ba, ni ma ban ce ba.

Gonar ba tasa ba ce, ta wani tsohon Balarabe ce, Ammi Awad, wanda gwiwa ta hana shi aiki. Yaya ne ke riƙe da komai, a raba amfani. Matarsa Zainaba haifaffiyar Makka ce, kakanninta Katsinawa. Tana jin Hausa amma da Larabci take amsawa, 'ya'yansu kuwa ko jin ba sa yi. Ranar da na isa ta dafa min abincin girmama baƙo, shinkafa da aka dafa da madara da romo har ta narke, aka ɗora nama a kai. Na zaci kunu ne na tsaya jiran ludayi, sai na ga kowa ya sa hannu.

Yanzu ga amsar masu tambayar me ake yi a ƙauyen. Da sassafe yankan inabi ake yi, kafin rana ta taɓa shi, don a samu motar da za ta kai Makka. Ba a hana mai yanka ci. Ranar farko na ci kamar wanda aka ce gobe za a hana, fari da baƙi da wani dogo mai kama da yatsan amarya, sauran yinin kuwa a bayan duwatsu na ƙare shi da buta a hannu. Ammi Awad ya aiko a gaya min inabi ba gyaɗa ba ne. Jakuna kuma, tunda kun dame ni, suna ci, amma wanda ya zube ƙasa.

In hantsi ya yi sai ban ruwa. Rijiya ɗaya ce ta gonaki da yawa, kowa da ranarsa da lokacinsa, ana auna shi da inuwar wani dutse. Faɗan da na gani a ƙauyen duk a kan wannan inuwa ne, tsofaffi biyu su tsaya a kanta suna musu ko ta kai ko ba ta kai ba, ruwan kuwa yana ta tafiya gonar na uku. Akwai kuma korar birai. Manya ne, irin gwaggon biri, suna saukowa daga dutse garke guda, ba sa tsoron mace, ba sa tsoron baƙo. Ni da aka ba wa gwangwani in riƙa bugawa, babbansu ya zauna a kan katanga yana cin rumman yana kallona har na gaji na daina.

Inabin da bai tafi kasuwa ba a shanya shi a kan soro ya zama zabibi, mata ke juya shi. Da la'asar maza su zauna ƙarƙashin rumfar inabi a sha gahawa mai ɗaci a ɗan ƙoƙon da bai fi a zuba kwalli ba. Hirarsu ba ta wuce ruwa da birai da wanda zai aurar da 'ya. In ana biki su yi rawa da bindiga, mutum ya yi tsalle ya harba ƙasa tsakanin ƙafafunsa. Na kalla daga nesa. Masu kuɗin Makka sukan zo da iyalansu su shimfiɗa darduma a bakin gona su sha iska, su sayi kwando guda su koma. Akwai wani ɗan itace mai ƙaya da ke fitowa a jikin katanga, cikinsa zaƙi kamar zuma. Shawarata ga duk wanda Allah ya kai shi, kada ya cafke shi da hannu kamar yadda na yi. Sai da Zainaba ta ba da hantsaki aka yini ana cire min ƙaya.

Iyakar abin da ake yi ke nan. Wuri ne mai daɗin zama ga wanda ba ya gaggawa. Ni kuwa duk wannan lokaci idona yana yawo, ban ga tulu ba, ban ji wari ba. Har na fara shirya maganar da zan yaɓa wa Alhaji Nomau a zauren mai unguwa.

Sai da kaka ta zo ƙarshe, aka tara inabin da ya fashe da wanda tsuntsu ya tsattsaga, wanda ba zai sayu ba kuma ba zai shanyu ba. Wata safiya na zagaya bayan gida neman Yaya. Na same shi a cikin wani kwarmin dutse, ya naɗe wando har gwiwa, yana tattake inabi, ƙafafunsa jawur. Ɗakin da ke kusa, wanda kullum yake rufe, yau a buɗe yake. Tuluna ne a jere, manya, an ɗaure bakinsu da ƙyalle. Wari ya fito ya dake ni. Ni marini ne, hancina ya saba da abin da aka jiƙa aka bari ya ruɓe, amma wannan ba warin baban rini ba ne. Duk yadda Alhaji Nomau ya faɗa haka na gani, bai ƙara ko ɗaya ba. Na ji haushin Yaya irin wanda ban taɓa ji ba, don ni ne zan koma in buɗe baki a gaban Inna.

"Yaya, mene ne wannan?"

"Shugul," ya ce, wato aiki. Bai daina tattakawa ba.

Sai na faɗa masa duka. Zauren mai unguwa, da addu'ar da aka yanke, da saƙon da aka ɗora min kalma bayan kalma. Ya tsaya cak a cikin inabin. Sannan ya fito ya ɗauraye ƙafa ya ce in biyo shi.

Ya kwance bakin wani tsohon tulu na bara, ya ɗebo a ludayi ya miƙo min. Na ƙi karɓa. Ya kurɓa da kansa, ya sake miƙowa. Na ɗan taɓa da harshe. Tsami ne, tsamin da ya fi na tsamiya da lemo a haɗe, har haƙorana suka mutu.

"Khal ke nan," ya ce. "Shi kake ci a kan ganye tun da ka zo, shi Zainaba take jiƙa albasa da shi. Duk Makka ana saye."

Ya nuna min wani abu mai yauƙi da ke kwance a saman tulun kamar fatar kunu. Ya ce sunansa uwar khal. In an tace sabon ruwan inabi, tun a ranar ake ɗebo wannan uwa da tsohon khal a zuba masa, a ɗaure bakin da ƙyalle kawai don ya sha iska. Haka zai wuce zuwa tsami. "Wanda bai samu uwa ba shi ne yake lalacewa ya zama abin da Nomau ya faɗa," in ji shi. Ban dube shi ba. Ya koma ya ƙarasa tattakawa, ya tace, ya cika sababbin tuluna, ina tsaye ina miƙa masa ƙyalle.

Da labarin ya tsaya nan da na ji daɗi. Amma bayan kwanaki, Ammi Awad yana zagayen da yake yi kowace safiya da sandarsa yana sansana tuluna, ya tsaya a kan na ƙarshe a layi. Ya kira Yaya. Tulun yana kumfa yana huci, warinsa daban da na sauran, mai zaƙi-zaƙi. Shi ne wanda aka cika ranar maganarmu, Yaya ya manta bai zuba masa uwa ba. Ba wanda ya ɗaga murya. Yaya ya rungumi tulun ya kai shi bakin kwari ya tuntsurar, ƙasa ta shanye. Tsohon ya sa aka fasa tulun da dutse, ya ce haka ubansa yake yi. A shekara akan samu ɗaya ko biyu, in ji shi.

Da muke komowa Yaya ya ce, "Wannan ma ka faɗa mata."

Na ce ya zo mu tafi tare ya faɗa mata da bakinsa. Ya ce in ya sauka Jidda ba takarda, fita zai yi ba dawowa. Zainaba ba ta san kowa a Kura ba, yara ba sa jin Hausa, Ammi Awad ba shi da ɗa namiji, kuma akwai sababbin itatuwan inabin da ya dasa waɗanda ba su fara 'ya'ya ba. Ya jero su a natse, da gani ya sha jero wa kansa su. Ya ce wataƙila in sun fara 'ya'ya. Ban ja maganar ba.

Ranar da zan tafi ya naɗa rawanin da na kawo masa, goshinsa ya yi shuɗi, yaransa suna ta dariya. Ya ba ni zabibi cikin jaka, da kwalba ɗaya ta khal na bara, an toshe bakinta da kakin zuma. Ya raka ni har bakin hanya. Da motar ta tsaya ya riƙe hannuna ya ce, "Ka ce mata ban taɓa kai shi bakina ba. Ka ce ta mayar da ni cikin addu'a, ko ba ta faɗi suna ba."

Dawowa ta fi tafiya sauƙi, ko kuwa na saba ne. A wata iyaka mai duba kaya ya ciro kwalbar ya ɗaga ta a rana, ya dube ni da rawanin alhaji ya yi murmushin wanda ya kama ɓarawo. Ya ɓare kakin ya kurɓa da kyau. Bayan ya gama tari ya mayar min da ita da hannu biyu, ya ce in wuce.

Na iso Kura da yamma, gida ya cika da 'yan barka da zuwa. Inna ta karɓi zamzam da dabino, ta sa min albarka, ba ta tambayi komai ba. Sai washegari da hantsi, da mutane suka ragu, ta aika a kira ni. Tana zaune a kan tabarma tana tsince wake.

Na faɗa mata kamar yadda ta umarta. Kwarmin dutse, da jan ƙafa, da tuluna, da wari. Na faɗi yadda ake yin khal da abin da ake ci da shi. Na faɗi tulun da ya lalace, da dalilin lalacewarsa, da yadda aka zubar aka fasa. Na isar da saƙonsa. Tun da na fara hannunta bai bar waken ba. Da na gama na ajiye kwalbar a gabanta.

Ta sa aka kawo mata ƙoƙo, ta zuba kaɗan, ta sansana, ta taɓa da harshe. Fuskarta ta tattare. Ta ajiye ƙoƙon a gefe.

"Wannan ba mai sha don daɗi," ta ce. "Nomau ya ɗauki alhaki."

Na ce haka ne.

"Yana da ƙiba ko ya rame?"

Tun da aka haife ni ban taɓa jin ta tambayi wani abu a kansa ba. Na ce yana nan kamar Baba, har furfurar gefen kunne.

"Ya ce yaushe zai zo?"

Na faɗa mata zancen takarda, da matar, da yaran, da itatuwan inabin da ba su fara 'ya'ya ba. Ta saurara har ƙarshe. Ta ɗaga hannu ta ce Allah ya yi masa albarka, ya albarkaci abin da yake nema da abin da ya haifa, ta shafa. Na ce amin, na ji kamar an sauke min buhu daga ka. Na yunƙura zan tashi in tafi marina, sai na ji ta yi magana, ba da ni take ba sosai, idonta yana kan kwalbar.

"Da ma giyar ce," ta ce. "Da sai in aika masa ya tuba ya dawo gida. Yanzu da me zan kira shi?"

Ta jawo faifanta ta ci gaba da tsintar wake.